Asalin Bikin Kirsimeti da Yadda Al'adunsa Suka Taru

Kalmar Kirsimeti baƙuwa ce a bakin Bahaushe, ba ta kuma daɗe da sauka ba. Daga Ingilishi aka aro ta a zamanin mulkin Turawa. Su kuwa Ingilishi sun ƙera ta ne daga kalmomi biyu, watau laƙabin Almasihu da sunan babbar sujadar da ake yi a majami'ar Katolika, an kuma fara ganinta a rubuce a shekara ta 1038. Hausawan Jamhuriyar Nijar, da yake Faransa ce ta mulke su, sun fi sabawa da Nowel, wadda ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin ranar haihuwa. Kiristocin Larabawa kuwa Idin Miladi suke cewa, duk wanda ya taɓa karatun Larabci kuma zai lura da cewa saiwa ɗaya ce ta haifi miladi da mauludi. Sunayen duka suna nuni ne ga haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa ɗan Maryamu. Abin da sunayen ba su faɗa ba shi ne yadda aka yi ranar 25 ga watan Disamba ta zama ita ce ranar bikin.

Littattafan Linjila huɗu ne a hannun Kirista. Biyu daga cikinsu, na Markus da na Yahaya, ba su kawo labarin haihuwar ba sam. Matiyu da Luka ne suka kawo shi, kowa da abin da ya fi mayar da hankali a kai. Luka ya ambaci ƙidayar jama'a da ta kai Maryamu da Yusufu garin Baitalami, da kwantar da jinjirin cikin komin dabbobi saboda rashin masauki, da makiyayan da ke kwana a fili suna tsaron garke. Matiyu kuwa ya ambaci masana taurari da suka zo daga gabas da kyautar zinariya da lubban da mur, da kuma sarki Hirudus wanda ya nemi halaka yaron. Babu wanda ya faɗi wata a cikinsu, balle rana. Ko shekarar ma sai da aka yi lissafi daga baya. Wani malamin majami'a a birnin Rum, Diyonisiyus, shi ne ya tsara ƙirgen shekarun Miladiyya a shekara ta 525, sai dai lissafin nasa ya ɗan goce, domin yawancin masana tarihi sun tsaya a kan cewa Hirudus ya mutu shekara huɗu kafin shekarar da Diyonisiyus ya ɗauka a matsayin mafari.

Kiristocin farko ba su damu da wannan giɓi ba. Babban bikinsu shi ne na Ista, inda suke tunawa da abin da suka gaskata na mutuwar Almasihu da tashinsa. Idan aka kashe ɗayansu saboda addini, ranar mutuwarsa suke rubutawa, su kira ta ranar haihuwarsa a Aljanna. Bikin ranar haihuwa ta duniya kuwa suna yi masa kallon al'adar maguzawan Rum. Orijin, mashahurin malamin Iskandariyya na ƙarni na 3, ya kafa hujja da cewa a duk cikin Littafi Mai Tsarki mutanen da aka ce sun yi shagalin ranar haihuwarsu su ne Fir'auna da Hirudus, kowannensu kuma sai da ya zubar da jini a ranar. Kafin shi, wajen shekara ta 200, Kilemen na Iskandariyya ya rubuta cewa akwai waɗanda ke ƙoƙarin gano ranar, wasu suna cewa 20 ga Mayu, wasu 19 ko 20 ga Afirilu. Disamba ba ta cikin abin da ya lissafa.

Shaida mafi tsufa da ke hannu game da 25 ga Disamba tana cikin wani kundin kalanda da aka rubuta wa wani attajirin Kirista a birnin Rum a shekara ta 354. A cikinsa akwai jerin ranakun tunawa da shahidai, wanda masana suka gano cewa an tsara shi tun shekara ta 336, a kan gaba kuma an rubuta cewa ranar 25 ga Disamba aka haifi Almasihu a Baitalami ta ƙasar Yahudiya. Lokacin bai zo a banza ba. A shekara ta 313 sarki Kustantin ya ɗauke wa Kirista takunkumin da suka daɗe a ciki, a 325 kuma ya tara manyan limamai a garin Nikiya domin su warware gardamar da ta raba kansu a kan matsayin Almasihu. Da gardamar ta koma kan yadda ya zo duniya a jikin ɗan'adam, sai haihuwar kanta ta sami nauyin da ba ta da shi a da.

To, amma me ya sa wannan rana, ba wata ba? A nan ne masana suka rabu gida biyu, kuma sun fi shekara ɗari suna kai-kawo.

Gida na farko, wanda Bajamushen nan Hermann Usener ya kafa wa harsashi a 1889, ya ce aro aka yi. A kalandar da Yuliyas Kaisar ya gyara, 25 ga Disamba ita ce ranar da dare ya kai iyakar tsawonsa a tsakiyar hunturu, daga nan yini ya fara ƙaruwa. Rumawa suna da bikin gunkinsu Satan, wanda ake farawa ran 17 ga Disamba a yi kusan mako ana ci ana sha, ana ba juna kyandir da 'yan kyaututtuka, har iyayen giji su zauna su yi wa bayinsu hidima. A shekara ta 274 kuma sarki Oreliyan ya gina wa gunkin rana babban ɗakin bauta a birnin. Saboda haka, in ji wannan gida, shugabannin majami'a sun ga jama'a ba za su bar shagalin da suka gada ba, sai suka ɗora haihuwar Almasihu a kan ranar, domin a ci gaba da murna amma a sauya abin da ake yi wa.

Gida na biyu, na Bafaranshen nan Louis Duchesne, wanda Thomas Talley na Amurka ya sabunta a 1986, ya ce lissafi ne ya kai su. Tun wajen shekara ta 200 Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa ranar 25 ga Maris ce ranar gicciye. Akwai kuma wani tunani a tsakanin malaman wancan zamani cewa rayuwar Almasihu cikakkiya ce, ba ta da ɓurɓushin kwanaki, watau ranar da ya bar duniya ita ce ranar da aka ɗauki cikinsa. In aka ɗora wata tara a kan 25 ga Maris, sai a sauka daidai kan 25 ga Disamba. Agustin, babban limamin Hippo a Aljeriya ta yau, ya kawo wannan lissafi ƙarara a cikin littafinsa.

Bayanin farko ne ya fi yaɗuwa, har ya zama kamar abin da ba a musu a kansa, amma shahararsa ta fi ƙarfin hujjarsa. Bikin Satan yakan ƙare ne ran 23 ga wata. Shaida ta farko da ta nuna ana bikin gunkin rana ran 25 ga Disamba kuwa tana cikin kundin nan na 354, wanda shi ne dai ya ambaci haihuwar Almasihu, don haka takardar ba ta raba gardamar wanda ya riga wani ba. Ba a kuma sami wani marubucin Kirista na ƙarni na 4 da ya ce sun ɗauki ranar da gangan ba. Wanda ya fara faɗin haka wani magatakarda ne na ƙasar Sham, a gefen wani littafi, a ƙarni na 12. Duk da haka ba za a ce rana ba ta da hannu a cikin al'amarin ba. Masu wa'azi sun yi ta kiran Almasihu hasken duniya da ranar adalci, suna jin daɗin cewa haihuwarsa ta zo daidai da lokacin da haske ke rinjayar duhu. Talakawa kuwa ba kullum suke bambancewa ba. A tsakiyar ƙarni na 5 Paparoma Liyo na Ɗaya ya tsawata wa waɗanda ke juyawa su rusuna wa rana a kan matakalar majami'ar Bitrus kafin su shiga sujada. Mai yiwuwa lissafi ne ya samar da ranar, tsohuwar al'ada kuma ta sa ta karɓu da sauri.

A gabas labarin dabam ne. Can ranar 6 ga Janairu suka sani, inda suke haɗa haihuwar da baftismar Almasihu a kogin Urdun a biki ɗaya. Ranar Rum ta shiga musu ne sannu a hankali: ta isa Kustantiniyya wajen 380, a Antakiya kuma Yahaya Kirisostom ya yi huɗuba a 386 yana lallashin jama'a su karɓe ta, yana mai cewa ba a kai shekara goma da saninta a garin ba. Iskandariyya ta bi sahu wajen 432, birnin Ƙudus ya ja ƙafa har ƙarni na 6. Armeniyawa kuwa ba su taɓa karɓa ba, har yau ran 6 ga Janairu suke yin nasu. Wannan dabam yake da 7 ga Janairu da ake ji a Rasha da Sabiya, ko da yake mutane kan rikita su. Kalandar Yuliyas ta ɗan fi shekarar rana tsawo, kuskuren ya yi ta taruwa, har Paparoma Girigori na 13 ya zubar da kwana goma a 1582 ya kawo kalandar da ake amfani da ita yanzu. Majami'un da suka ƙi gyaran suna nan a kan 25 ga Disambarsu, sai dai tazarar ta kai kwana 13. Kibɗawan Masar da Sudan da Kiristocin Habasha su ma ran 7 ga Janairu bikinsu kan faɗo, bisa nasu ƙirgen watanni, bayan dogon azumi. Har a wannan zamani ranar tana ɗauke da siyasa: a 2023, ana tsakiyar yaƙi da Rasha, ƙasar Yukiren ta mayar da hutunta na hukuma 25 ga Disamba.

Inda aro ya tabbata ba tare da gardama ba shi ne a arewacin Turai. A shekara ta 601 Paparoma Girigori na Ɗaya ya aika wa masu wa'azinsa a Ingila wasiƙa cewa kada su rushe ɗakunan tsafi, su fitar da gumaka kawai su mai da ɗakunan majami'u. Mutanen da suka saba yanka shanu don gumaka kuma a bar su su yanka su ci a ranakun idi. Ƙabilun Jamus da na ƙasashen ƙanƙara suna da shagalin tsakiyar hunturu da suke kira Yul, lokacin da aikin gona ya tsaya, an yanka dabbobin da ba za a iya ciyarwa har bazara ba, giya kuma ta nuna. Sunan bai mutu ba, domin da shi mutanen Suwidin da Nowe da Danmak ke kiran Kirsimeti har gobe. A tsakiyar zamani bikin ya zama na kwana goma sha biyu, daga 25 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, sarakuna kuma suna zaɓen ranar don manyan al'amura. A cikinta aka naɗa Sharliman a Rum a shekara ta 800, a cikinta aka naɗa Wiliyam na Nomandi sarkin Ingila a 1066. A 1223 Faransis na Asisi ya sa aka kawo komi da ciyawa da sa da jaki na gaske a wani kogo a ƙauyen Gireciyo na Italiya, domin talakawan da ba su iya karatu ba su ga labarin da idonsu. Daga nan siffanta wurin haihuwar ya bazu. Sa da jakin ba sa cikin Linjila, daga littafin Annabi Ishaya aka jawo su. Haka nan cewa masana taurarin su uku ne, an ɗauko shi ne daga yawan kyaututtukan da suka kawo.

Shagalin ya kai har ya ja hankalin maƙwabta. A garin Sabta na gaɓar Maroko, alƙali Abul Abbas al-Azafi, wanda ya rasu a 1236, ya damu da yadda Musulmin garin da na Andalus ke shiga bukukuwan Kirista, har da na haihuwar Annabi Isa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya rubuta littafi yana kiran jama'a su raya Mauludin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗansa kuma ya tabbatar da bikin bayan ya hau mulkin garin.

Manyan abokan gābar Kirsimeti kuwa daga cikin gida suka fito. Bayan Furotesta sun ɓalle daga Katolika a ƙarni na 16, wani ɓangare nasu mai tsanani ya tsaya a kan cewa duk ibadar da Littafi bai yi umurni da ita ba ƙirƙira ce. Suka ce ba a faɗi ranar ba, manzanni ba su yi bikin ba, abin da ake yi a cikinsa kuma maye ne da caca da bara gida-gida da ƙarfin tsiya. Mai karatun da ya saba jin muhawarar bidi'a ba zai ji hujjojin nan baƙi ba. Majalisar Sikotlan ta soke hutun a 1640, ta Ingila ta haramta bikin a 1647. A watan Disamba na shekarar, da magajin garin Kantabari ya ce lalle a ci kasuwa ran Kirsimeti, jama'a suka yi bore, suka farfasa shagunan da aka buɗe, suka riƙe garin na 'yan makonni. Haramcin ya faɗi ne da dawowar sarauta a 1660. A hayin teku, hukumar Masacusets ta sa tarar sule biyar a 1659 ga duk wanda aka kama yana bikin, ko da barin aiki ne kawai, dokar kuma ta kai har 1681. Amurka ba ta mai da ranar hutun ƙasa ba sai 1870, Sikotlan kuwa sai 1958.

Saboda haka yawancin abin da ake gani yau kamar gadon kaka da kakanni, a ƙarni na 19 aka haɗa shi. Bishiyar Kirsimeti al'adar Jamusawa ce. Wani rubutu na 1605 ya bayyana yadda mutanen Sitirasbog ke kafa itacen da ba ya kaɗe ganye a cikin ɗaki, su rataya masa tuffa da furannin takarda da kayan zaƙi. Ta game duniya ne bayan wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu a gindin irin wannan itace a 1848. Katin gaisuwa na farko Henry Cole ya sa aka buga a 1843, guda dubu, ana sayar da kowanne sule guda, shekara uku bayan an fito da kan sarki na kwabo ɗaya wanda ya sauƙaƙa aika wasiƙa. A wannan shekara ce kuma Charles Dickens ya fitar da labarinsa na attajirin marowaci da ya tuba a daren Kirsimeti. Da irin waɗannan aka janye bikin daga titi da mashaya aka shigar da shi cikin gida, ya zama na iyali da yara da tausayin matalauta.

Tsohon nan mai farin gemu da jar riga shi ya fi kowa doguwar tafiya. Asalinsa Nikolas ne, limamin garin Mira a kudancin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na wani talaka mai 'ya'ya mata uku, wanda ya rasa abin da zai yi musu kayan aure, har ana tsoron su faɗa karuwanci. Sai Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa jakar zinariya ta taga, ɗaya bayan ɗaya, don kada a san shi ne. Ranar tunawa da shi 6 ga Disamba ce, a jajiberinta ne yaran Holan ke ajiye takalmansu su wayi gari da kyauta a ciki. Furotesta ba sa son girmama waliyyai, don haka a Jamus aka mayar da rabon kyautar daren Kirsimeti, aka ce jinjiri Almasihu ne ke kawowa. Marubutan birnin Niyok, wanda mutanen Holan suka kafa, su ne suka farfaɗo da Nikolas, sunansa na Holanci ya rikiɗe ya zama Santa Kulos. Wata waƙa da aka buga a jarida a 1823 ita ta ba shi amalanken da barewa takwas ke ja a kan ƙanƙara, ta shigar da shi gidaje ta bututun hayaƙi, ta kuma sa zuwansa a daren Kirsimeti. Mai zane Thomas Nast ya yi ta siffanta shi tun daga 1863. Ana yawan cewa kamfanin Coca-Cola ne ya ɗinka masa jar riga. Gaskiyar ita ce ya riga ya saba sa ta, tallace-tallacen kamfanin daga 1931 sun dai kafe siffar ne a idon duniya.

Bikin ya iso ƙasar Hausa tare da 'yan mishan da ma'aikatan Kudu da suka cika unguwannin Sabon Gari. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Da yake Hausa ce harshen da ya haɗa ƙabilu masu yawa a Filato da kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa, ita ta zama harshen sujada a majami'unsu, da ita ake karanta labarin Baitalami, da ita matan zumunta ke rera waƙoƙinsu da kiɗan tulu. A nan babu dusar ƙanƙara, babu bututun hayaƙi. Akwai dai iskar hunturu da ƙura, an kuma gama girbi, rumbu a cike. Sai bikin ya ɗauki kamannin idin da mutanen wurin suka sani, har akan ji wasu na ce masa Sallar Kirista. Teloli kan kwana a kan keke, kuɗin mota ya hau saboda masu komawa gida, kaji da awaki su yi tsada. Ran bikin akan dafa shinkafa da nama, a soya cincin, a zuba a kwanuka a ba yara su kai gidajen maƙwabta, Musulmi da Kirista, kamar yadda kwanukan kan biyo hanyar nan su dawo ran Sallar Layya. Da la'asar kuma yaran su fito cikin sababbin kaya su shiga gari yawon barka.